Alhaji Badamasi Mai Jirgin Ruwa

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 27 ga Yuli, 2021, bayan la'asar, wata nas ta kira ni daga asibiti a nan Kuala Lumpur ta ce korona ta yi ajalinka. Na yi mata godiya, na ajiye wayar, na ƙarasa shan shayina. Har yau ban yi kuka ba, Alhaji Badamasi.

Lokacin da muka fara zuwa Kuala Lumpur sarin yadi da mayafai, a jaka muke cusa kaya mu bi jirgin sama. Kai ne ka ce a gwada teku. Muka yi ta dariya, wai ɗan Fagge da ko kwalekwale bai taɓa shiga ba. Babu wanda ya ba ka ko ƙyalle. Sai ka cika kwantena da naka, ka nace wa masu jirgin dakon kaya har suka ba ka makwanci, ka bi kayanka daga tashar ruwa ta Port Klang zuwa Legas. Ka dawo a rame. Na tambaye ka yaya hanya, ka ce, "Kabir, amai na yi har Afirka ta Kudu. Amma kaya sun isa."

Daga nan duk muka bi sahunka, kuma ba ka taɓa goranta mana ba.

Da korona ta sa aka kulle gari, ya rutsa da mu a Kuala Lumpur, kai kake sayen shinkafa a kasuwar Chow Kit kana aika wa ɗalibanmu 'yan Najeriya na unguwar Taman Melati. Nahum, wani ɗalibi ɗan Jos, ya ce mini da ya yi maka godiya, cewa ka yi, "Makan dulu, ci tukuna."

Ba a bar mu mun yi maka wanka ba. Ma'aikata cikin fararen rigunan roba suka sa ka a kabari, muna tsaye daga nesa. Na ɗaga waya don matarka Hajiya Hureira ta gani daga Kano. Hoton yana ta yankewa, tana tambayata, "Malam Kabir, an sa shi?"

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Hajiya Hureira, Walida da Zahraddeen, Allah Ya ba ku haƙurin rashin maigida da uba. Na riƙe wurin da yake kwance. Ranar da aka buɗe hanya, ni zan kai ku.