Na'urar Da Ke Tsaya Wa Gawa

Jama'a, wannan abu ni ya faru da ni, ba a majalisa na tsinto shi ba, Allah ne shaidata. Shekarun baya ina aiki a Zango, nan Damagaram, a biro, wato ofishin wani Alhaji mai manyan motoci, ni ke kula da shafinsa na intanet inda fatake, yawancinsu Kanawa, suke kama wuri a mota suna bin sawun kayansu ta waya. Shafin yana da jama'a ƙwarai, serber kuwa, wato babbar na'urar da ke ɗauke da shi, tana ɗakin baya, kuma ni kaɗai ke da mabuɗi.

To sai ta tsiro da wata ɗabi'a. Ana cikin aiki lafiya lau sai ta yi cak, mutum ya danna ya zauna jiran gawon shanu, can kuma ta saki da kanta kamar ba ita ba. Wata rana a kai a kai, wani makon ko gezau. Ni kuwa ban yarda da "haka kawai" ba. Na zargi kuran, wato wutar lantarki, na sa batir. Na zargi masu reso, wato kamfanin sadarwa, na je na yi musu tijara har kunya ta kama ni. Na zargi ma'ajiyar bayanai, na kwance ta na sake ɗaurawa, na zargi cunkoso, sai na ga ranar da aka fi cika ma lafiya take wucewa. Abin da ya fi ba ni haushi, lokacin da take tsayawar ba ta aikin komai, ba zafi, ba nauyi, jira kawai take yi.

Ashe yadda nake zargin kowa haka Alhaji yake zargina. Wai an gan ni ina shan shayi da ɗan wani mai motoci, abokin gasarsa. Ya kira ni ya ce, "Malam, ruwa ba ya tsami banza. Ka gyara kafin wata ya mutu, ko ka ajiye mini mabuɗina." Raina ya ɓaci ƙwarai, don a Zango in aka ce maka maci amana, ko shagon caji ba mai ba ka tsaro.

Ran nan bayan azahar zafi ya sa na bar ƙofa a buɗe, sai ƙararrawar da na sa wa wayata ta yi ƙara, alamar ta tsaya. Ina duƙe kan allo sai na ji titi ya yi tsit. Na leƙa, ƴan kabu-kabu sun raɓe gefe, masu shaguna duk sun miƙe, ga makara an ɗauko za a maƙabarta. Ni ma na miƙe kamar yadda aka koya mana. Wallahi mutum na ƙarshe yana shan kwana na'ura ta saki.

Na ce kai, dace ne. In ma don mutane sun bar waya ne, ai sauƙi za ta samu, balle masu dannawar suna Kano da Agadas, ina ruwansu da titinmu? Na sa ido. Duk tsayawa sai makara, kuma ita take riga tsayawa tun ba a shigo layin ba. Tsoro ya sa na kwashe shafin kacokan na mayar kan na'urar haya a Faransa. Subhanallahi, ba abin da ya sake.

Da wa'adi ya matso na faɗa wa Alhaji, ya dube ni kamar wanda ya sha wani abu, amma ya yarda ya zauna tare da ni. Da ƙararrawa ta buga muka fito, titi ba komai sai masu talla, har ya fara gyara babbar riga zai yi magana, sai ga masu makara sun ɓullo. Ya tsaya har suka wuce, bakinsa yana motsi. Sannan ya miƙo hannu ya ce, "Na yarda ba ka ci amanata ba, kuma zan faɗa wa kowa. Amma ba ni mabuɗin. Ƙarfe ba ya jin mutuwa, Malam, sai in wani ne ke ji masa."

Na yi fushi, na ce dabara ce ta kora. Sai da na haɗu da wanda ya gaje ni a wajen wani suna a unguwar Kara-Kara, na tambaye shi, ya ce tun da ya zo ko sau ɗaya ba ta taɓa tsayawa ba, ga shi ana wucewa da gawa kamar kullum.

Har yau ban san mene ne ba, kuma na bar wannan sana'a. Ku dai masu aikin nan, kafin ku ɗora wa wani laifi ku leƙa waje tukuna. Ni yanzu in wayata ta yi cak a hannuna ba na dannawa, miƙewa nake yi.