Sunan da Ya Faɗa Shafi na Biyu

Ranar Laraba, 12 ga Fabrairu, ina tsaka da jera fayiloli aka bugo mini waya cewa Allah Ya yi wa Baba Akawu rasuwa, bayan jinyar wata biyu. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Na ajiye fayilolin, na zauna a kan kujerar da ke kusa.

Baba, shekara goma sha tara ke nan da na fara ganinka. Na rubuta jarrabawar ɗaukar ma'aikata a ofishinku, mutum talatin ake nema. Da aka manna sunaye a allon sanarwa na bi su da yatsa har sau uku, babu nawa. Na koma gida na kwanta. Mahaifina bai yi faɗa ba, ya ce kawai in fara tunanin wata sana'a, kuma wannan ya fi mini faɗan ciwo. Kwana tara ban leƙa ƙofar gida ba.

A rana ta goma taurin kaina ya tashe ni, na koma in ji makin da na ci. Na tarar da kai a ɗan ɗakin nan na ƙarshen baranda, fanka na kaɗa takardu, ka danne su da abin huda takarda. Na shigo da faɗa, ko gaisuwar kirki ban yi ba. Ka ce, "Zauna, 'yata, ki sha ruwa tukuna." Ka fita ka ƙirga sunayen allon, ka dawo fuskarka ta sauya. Ashirin da tara ne.

A gabana ka gano abin da ya faru. Sababbin kwamfutoci aka kawo muku daga waje, manhajar rubutunsu a saite take a kan takardar can, wadda ake kira Leta. Ta fi tamu A4 faɗi kaɗan, amma ba ta kai ta tsawo ba. Jerin da ya saba cika shafi ɗaya cif sai ya yi rara, layin ƙarshe ya faɗa shafi na biyu shi kaɗai. Ka tono shafin a kwalin takardun da kuke rubutu a bayansu. Layi ɗaya ne tal a samansa, sunana. Ka riƙe shi ka hau bene wajen shugaba, ba ka sauko ba sai da sa hannunsa.

Shekara goma sha ɗaya muka yi aiki tare kafin ka yi ritaya. Duk kwamfutar da ta shigo ofishin nan, kafin a cire mata leda kana tsaye a kanta sai ka mayar da ita A4. Muna tsokanarka cewa ko katin ɗaurin aure aka miƙo maka sai ka juya ka nemi shafi na biyu. Kai dai murmushi kake yi. Ni kuwa duk inda na zauna sai na ba da labarin mutumin da ya ceto mini aikina, kuma na lura ba ka taɓa son labarin ba. Na ɗauka kunya ce.

Sai a wurin gaisuwa Mama, matarka, ta ja ni ɗaki. Ta ce a makonka na ƙarshe ka bar mata saƙo: "Ki gaya wa yarinyar nan ni na buga jerin, ni na zari shafi ɗaya na bar ɗaya. Ta yafe mini kwana taran nan."

Ashe ni ina ganin mai ceto, kai kana ganin mai laifi, a ɗaki ɗaya, tsawon shekarun nan. Wannan ya dame ni ƙwarai. Da na rage surutu ko sau ɗaya, wataƙila da ka sami inda za ka sa bakinka ka faɗa mini da kanka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, da 'ya'yanka, da jikokinka, da duk waɗanda suka koyi aiki a hannunka. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka.

Na yafe maka, Baba, duniya da lahira. Kai ma ka yafe mini, da na yi ta ba da labarin a gabanka kana zaune kana saurare.