Haƙorin Makka Kafin Makka

Wana ya sa haƙorin Makka tun bai san hanyar Makka ba. Fataucin shanu ya kai shi Kano, ya dawo Ƙofar Rini da zinariya a baki, ya bi gari yana yashe baki kamar gonar auduga. Ko ta'aziyya ya je sai an ga haƙorin nan. Tir!

Ana gab da samun mulkin kai Innarmu ta ƙudura zuwa hajji. Ta tsufa, ƙafafunta sun fara kumbura, ita ma ta san in ba bana ba, to shi ke nan. Mace ba ta tafiya sai da muharrami, kuma wana kaɗai ne namiji a ɗakinmu. Ni ina gidan mijina.

Aka ce sai fasfo, fasfo kuma sai hoto: fuska a buɗe, ido a gaba, baki a rufe. Inna, wadda ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi baƙon namiji ba, ta daure ta zauna gaban mai hoto, aka gama. Shi kuwa gogan, mai hoto na shiga cikin baƙin ƙyallensa sai ya bangale baki. Akawun ofishin fasfo ya dawo da hoton. Aka sake ɗauka, ya sake bangalewa.

Na ishe shi a zaure na ce, "Yaya, don Allah rufe bakinka ka rufa muna asiri."

Ya ce, "Ke mi kin ka sani? In tai ƙasar mutane da fuska kamar an aiko min da mutuwa? Larabawa su ɗauka wani matsiyaci na?"

Ji fa! Wai Larabawa yake so ya burge da zinariyar Kano.

Kalma ɗaya daga bakin Inna da ta gyara shi. To amma ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kamawa, balle ta yi masa faɗa. Da na kai mata ƙara, cewa kawai ta yi, "Ƙyale wancan." Raina ya ɓaci har da ita.

Sai da akawu ya daka masa tsawa gaban jama'a sannan ya tsuke baki. Takardu sai sun je Kaduna sun dawo. Fasfon Inna ya iso, nasa shiru, har alhazai suka tashi.

Ya shigo gida yana murmushi ya ce, "Baɗi ma rana ta, Inna."

Ba ta ga baɗin ba. Ni na buɗe adakarta, na tarar da sabon farin alawayyon da ta ajiye don tsayuwar Arfa. Da shi muka suturta ta.