Matar da Ta Shimfiɗa Kogi a Tafin Hannun Janar

Kafin masu shara su gama da barandar laburare, Anti Mai Karatu ta riga ta shige ɗan ɗakinta na ƙarshen lungu, wanda aka manna wa soso a bango don kada hayaniyar titi ta shigo. Za ta ajiye flas ɗin ruwan ɗumi, ta cire awarwaronta saboda ƙara, ta gyara makirufo, ta buɗe littafi. Aikinta ke nan tun tana budurwa har furfura ta fito: ta karanta, a naɗa, a ba waɗanda ba sa gani su saurara a gida. Yanzu za ta yi ritaya, kuma na san halinta, so take ta sulale shiru. Ba mu yarda ba.

Ta karanta littafin lissafi, na kiwon kaji, na soyayya da ke sa ta kashe na'ura ta yi dariya ta ƙoshi. Abu ɗaya ne ba ta ƙauna, littafin yaƙi. Mace ce da ko allura za a yi wa wani sai ta kau da kai.

Sai Allah ya haɗa ta da Janar. Tsohon tela ne, bai taɓa riƙe bindiga ba, ko kaza maƙwabci ke yanka masa, amma ya ƙarar da rayuwarsa yana karanta tarihin wani gagarumin faɗa da aka gwabza kan wata gada a lokacin wani babban yaƙi. Ya san wace runduna ta kwana a wane tudu, ya san inda aka girke kowace igwa. 'Ya'yansa ne suka laƙaba masa sunan don tsokana. Yana tsakiyar wani ƙaton sabon littafi a kan wannan faɗan sai ciwon ido ya ɗauke masa gani.

'Yarsa ce ta kawo littafin, idonta jawur. Ta ce tsohon ya daina fita, ya daina musu da kowa, abinci ma sai an yi da gaske, har ya ce a kwashe littattafansa a ba masu awo su riƙa ƙunshe kaya. Anti ta dubi kaurin littafin, ta ce a bar mata shi.

Ta naɗa babin farko kamar yadda aka koya mata. Duk inda ta iske zane sai ta ce, “A nan akwai taswira,” ta wuce. Ba a jima ba sai ga Janar da kansa, 'yarsa na riƙe da hannunsa, fitarsa ta farko tun da abin ya faru, kuma faɗa ya kawo shi.

“Baiwar Allah, muryarki garau, amma kin yashe ni a daji. Kin ce sun ɓullo ta hagun gada. Hagun wa? Nasu ko na abokan gaba?”

“Baba, to ai taswira ba ta karantuwa.”

“Shi ke nan,” in ji shi a sanyaye. “Mu je gida, 'yar nan. Na ce miki an gama.”

Maganar nan ta tsaya wa Anti a rai. Ta tafi da littafin gida, ta baje taswirar a tabarma tana harararta kwana da kwanaki. Ƙanwarta har ta fara tambaya ko soja za ta shiga da tsufanta. Wata safiya tana shafa mai a hannu sai ta lura da dogon layin da ya ratsa tafinta, ya ɗan karkata kamar kogin cikin zanen. Ta bar man a buɗe ta nufi laburare.

Ga yadda sabon naɗin ya fara: “Baba, buɗe hannunka na hagu, ka ɗan lanƙwasa shi. Sa yatsanka na dama ka bi layin tsakiya, wannan shi ne kogi. Babban yatsa gari ne. Sauran huɗun hanyoyi ne da ke gangarowa. Gada tana ƙarƙashin yatsan tsakiya. Yanzu ka tsaya a gari, ga su nan tafe ta ɗan ƙaramin yatsa.”

'Yar ta ce tana kicin ta ji ihu, ta fito a guje da ludayi a hannu. Ta tarar da tsohon zaune, hannu a buɗe, yana dariya da hawaye. “Zo ki gani! Kantar nan da aiki ya bar mini, daidai kan tudun igwa ta faɗo! Ashe shekara da shekaru da shi nake yawo!” Ranar ya cinye abincinsa har ya nemi ƙari, ya kuma tsare surukinsa da bayanin kuskuren kwamandan da ya bar gada ba tsaro.

Anti, ke ce kika ƙi yarda a rufe wa mutum shafi don idonsa ya rufe. Ke ce kika zauna da jini da hayaƙin da ba kya so, kina kashe na'ura kina share hawaye idan an zo lissafin samarin da ba su koma gida ba, sannan ki kurɓi ruwan ɗumi ki ci gaba. Daga baya kin sa ƙasashe a tafin ɗalibai, kin sa zuciya da jijiyoyinta, kuma ba ki taɓa cewa dabararki ce ba.

Yanzu Janar ba ya fashin zuwa laburare. Ya tara wasu masu sauraro a baranda, kowa hannu a buɗe, suna musu kan gada har mai gadi ya zo ya ce a rage murya. Da ya ji zancen ritayar, sai ya aika a tambayi Anti wa zai karanta masa juzu'i na biyu. Ta ce ta riga ta naɗa, har da na uku, kada ya ɗaga mata hankali.

Mun gode, Anti, Allah ya saka da alheri, ya ba ki hutu mai daɗi. Ku kuma masu ido da murya, kujerarta na nan babu kowa, makirufo na jira. Ku je ku zauna. In kun iso shafin da ke da zane, kada ku ce a nan akwai taswira ku wuce, akwai wani a gida da ya buɗe hannu yana jiran ku.