Gaurakan da Akwati Ya Ji

A cikin wayata akwai wani sauti da bai fi numfashi uku ba. Idan ciniki ya lafa a rumfar albasata da ke bakin kwalta a Galmi, masu ɗinkin buhu sun tafi cin abinci, nakan kunna shi in kara a kunne. Kuka ne mai gaɓa biyu, mai kauri, kamar an busa ƙaho a cikin tulu. Wanda bai sani ba zai ce tsuntsu ne. Inji ma haka ya ce. Ni kuwa da na ji shi sai warin taɓo ya cika mini hanci, in ga kaina ina ɗan shekara bakwai, ina bin sawun kakana zuwa tabki, raɓa tana jiƙa mini ƙafa.

Garinmu yana can ciki, idan ka bar babbar hanya tsakanin Dogarawa da Malbaza. Bayan gari akwai fadama, a tsakiyarta kuma tabki, wanda kan cika da damina ya riƙe ruwa har ƙarshen sanyi. Idan an gama yankan gero, karan gona ya bushe, tabkin yakan zama kamar kasuwa. Kirinjijiya suna fito, dinya suna iyo, zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya kamar mai jiran mota, balbela ta rufe bagaruwa fari fat. Amma babban baƙo shi ne gauraka, mai tukkun zinariya a kai. Biyu-biyu suke zuwa, kuma ba su sauka ko'ina sai inda suka yarda da wurin.

Kakana bai taɓa shiga lakwal ba, wato makarantar boko, amma shi ake tambaya kafin a haƙa rijiyar noman rani. Yana da wuyan wata tsohuwar gora da ta fashe, ya rataya shi da igiyar kaba. Bayan sallar asuba zai tsaya bakin ruwa, ya dunƙule hannu a kan wuyan gorar, ya busa kukan gauraka sau biyu. Daga nan ya ɗaga yatsa ɗaya, kowa ya yi tsit. Idan gauraki suka amsa daga cikin kacala, dogayen ciyayin nan na bakin ruwa, sai ya ce a haƙa, ruwa na kusa, gaba biyu za a same shi. Idan mako ya wuce ba amsa, sai ya ce wa samari su ɗaure kayansu su tafi ci-rani, bana fadama ba ta ciyar da kowa. A ganinsa tsuntsun da ke cin abin da ke cikin taɓo ya fi mutum sanin abin da ke ƙarƙashinsa.

Ni ban iya shiru ba a lokacin. Da ya busa sai in fara tambaya. Wata rana ya ja mini kunne, ya ce, "Kai, kunnuwan ga naka na ado ne? Busa kowa na iyawa. Shirun da ke bayanta shi ne aikin." Na ce masa ai gorar tasa ma tsagaggiya ce, tana huci a ƙarshe kamar tsohon akuya. Ya yi dariya har ya zauna, ya ce to na ji wani abu ke nan yau, ashe kunnen bai mutu duka ba.

Shekaru suka tafi. Na bar lakwal da wuri, na yi dakon buhu, na yi awo, har na kai ga cika manyan motoci da albasa zuwa ƙasashen bakin teku. Fadamarmu ta koma fangali-fangali na albasa, injin ban-ruwa yana kuka tun safe. Ba zan ɓoye maka ba, hannuna yana ciki dumu-dumu, kuma da shi na ciyar da gidanmu. Wasu kuma suna kama gauraki suna kai wa masu hali su ajiye a tsakar gida don ado. Ba wanda zai iya faɗa maka shekarar da suka daina zuwa. Mun dai waiwaya wata rana muka ga babu.

Da kakana ya rasu, wuyan gorar ya koma hannun ƙanen mahaifina, wanda muke kira Baba Ƙarami. Shi ne babba a gidan yanzu. Idonsa ya yi rauni, kunnensa ya yi nauyi, amma bai fasa zuwa bakin ruwa bayan asuba ba. Abin da ya rage na tabkin kuwa wani lungu ne mai kacala a ƙarshen gonar gidanmu. Ni kuma lungun nan ya daɗe yana tsone mini ido, don ƙasarsa baƙa ce, irin wadda albasa ke so. Na yi wa Baba Ƙarami magana sau uku ya bar mini shi in noma. A na ukun, a zaure, gaban 'yan'uwa, ya ce, "Ka bar mini bana. In sanyi ya fita gauraki ba su zo ba, kawo injinka." Muka tsaya a haka.

Ba a yi wata ɗaya ba sai ga wata malama daga jami'a, tare da ma'aikacin gandun daji, sun zo neman izinin ɗaura wani abu a bagaruwar da ke bakin lungun. Akwati ne kore, bai fi kwalin sukari ba, da ɗan faifan sola a samansa. Ta ce aikinsa saurare kawai. Yana ɗaukar kukan duk abin da ya yi motsi, tsuntsu, kwaɗo, gyare, ya aika ta layin waya zuwa kwamfutar da aka koya wa muryoyin tsuntsayen duniya, ita kuma ta rubuta wane ne ya yi kuka, yaushe, a ina. Ta ce irinsa suna nan rataye a dazuzzuka da fadamu na ƙasashe da yawa, duka suna zuba labari wuri ɗaya.

Na tambaye ta abin da kowane ɗan kasuwa zai tambaya, wato mece ce ribarsu. Ta ce, "Alhaji, kana sayen buhu ba ka san abin da ke ciki ba? To duniya buhunta ya huje, yana zuba, kuma ba wanda ya san abin da ke ciki tun farko." Amsar ta yi mini. Na riƙe musu tsani da kaina.

Sanyi ya kankama sai ta kira ni. Ta ce kwamfuta ta ji gauraka a lungunmu, ba sau ɗaya ba, safiya bayan safiya. Kafin la'asar labari ya zaga gari. Na iske Baba Ƙarami ya sa rigarsa ta Juma'a ranar Talata, yana raba goro a ƙofar gida. Ya kama hannuna ya ce, "Na sani suna amsawa. Kunnena ne ya mutu, ba su ne sunka tafi ba."

Na ga lungun nan ya kuɓuce mini, na kuma haƙura. Amma al'adata ce ba na karɓar kaya sai na zura hannu har ƙasan buhu. Na ce Malama ta turo mini sautin da ranakun da aka ji shi. Na kunna. Gaɓa ta farko, gaɓa ta biyu, sai wani ɗan huci a ƙarshe, irin na tsohon akuya. Na duba ranakun. Kullum bayan sallar asuba ne, in ban da kwana biyu a tsakiya, kuma a kwana biyun nan ni da kaina na kai Baba Ƙarami Konni wajen sunan jikarsa.

Kwana uku ina yawo da maganar nan a ciki. Idan na faɗa, lungu ya zama nawa, tsoho ya karye, mutane kuma su ce kwaɗayin ƙasa ne ya buɗe mini baki. Idan na yi shiru, Malama za ta shaida wa duniya abin da babu, kuma da sanina. Ni dai abin da ya tsayar da ni a kasuwa shekara da shekaru shi ne ban taɓa ɓoye ruɓaɓɓiyar albasa a gindin buhu ba. Na fara kiran Malama. Da ta gama ji ta yi 'yar dariya mara daɗi, ta yi mini godiya. Ta ce an koya wa kwamfutar tsuntsayen duniya, amma ba wanda ya ba ta labarin gora.

Washegari na bi Baba Ƙarami bakin ruwa. Na bari ya busa, na bari ya ɗaga yatsa, na yi shirun da ban iya ba ina yaro. Sannan na matsa kusa da kunnensa.

"Baba, gaurakan da akwati ya ji, kai ne."

Sai da na maimaita. Ya zauna a kan saiwar bagaruwa, yana jujjuya wuyan gorar a hannu. Can ya ce, "To. Alkawali alkawali ne. Sanyi na fita ka kawo injinka." Na tsaya ina kallon ruwa. Sai na ji ya ce, "Dakata. Ka ce injin ga na bagaruwa ya san tsuntsayen duniya duka?"

"Haka Malama ta ce."

"Kuma shi ne ya ce ni gauraka ne?"

"Safiya bayan safiya, Baba."

Ya ɗaga kai ya dubi akwatin, ya gyaɗa masa kai kamar wanda ya haɗu da sa'ansa. "Ashe muryar ba ta lalace ba," in ji shi. "In ƙarfe ya ruɗu, mai rai ma na iya ruɗuwa. Sai dai in sun zo, ina za su sauka?"

Bai roƙe ni ba, kuma bai sake tayar da maganar ba har yau. Sanyi ya fita, ban kawo inji ba. Kada ka ɗauke ni waliyyi. Na auna abin ne kamar yadda nake auna komai. Rijiyoyinmu da ake samun ruwa a gaba biyu yanzu sai an yi ninkin haka, kuma lungun nan ne kaɗai wurin da ƙasa ke riƙe laima har bazara. Albasar da zan samu a ciki ba za ta cika kusurwar mota ba, amma in na cike shi ba ni da kasuwar da zan sayo wani.

Akwatin yana nan a bagaruwa. Malama ta koya wa kwamfutarta ta bambanta gora da tsuntsu, kuma takan turo mini jerin abin da aka ji. Akwai kirinjijiya, akwai zalɓe, akwai wasu ƙananan da ta ce daga ƙasashen sanyi suke tasowa su kwana a kacalarmu, ban taɓa sanin muna da irin waɗannan baƙi ba. Gauraka dai babu. Aikin da kakana ya yi da kunne ɗaya a tabki ɗaya, yanzu akwatuna ne ke yinsa a faɗin duniya, ga su da haƙurin da ba mu da shi, amma har gobe suna bukatar wanda ya san tarin tsohon garinsu.

Numfashin Baba Ƙarami ya yi gajarta bana, don haka idan na kwana a gida ni nake busawa, shi yana zaune a saiwa. Malama ta ce ni kwamfuta ba ta ruɗe da ni ba ko sau ɗaya, ta ma rasa sunan da za ta ba ni. Baba ya ce a ƙyale ni, shi ma shekara uku ya yi yana kukan jaki kafin gorar ta yarda da shi. Ina busawa sau biyu, ya ɗaga yatsa. Sai mu yi shiru mu uku, ni da shi da akwatin.