A Burtali Ba a Taka Birki

Makon jiya aka sauke buhunan riɗi a bakin layinmu a Gumel, ɗaya ya fashe. Ɗanyen riɗi ba shi da ƙamshi mai ƙarfi, sai ka matso kake jin sa, ɗan maiƙo-maiƙo haɗe da warin buhu. Na bi ta wajen ban lura ba. Kafin in kai ƙofar gida tafin hannuna ya jiƙe da gumi, ni da nake da 'ya'ya huɗu. Bari in gaya maka dalili.

Ƙauyenmu yana tsakanin Sule Tankarkar da Maigatari, can cikin yashi, nesa da kwalta. Lokacin da na fara wayo mota ɗaya ce take shigo mana, wata tsohuwar babbar mota mai bodin katako, duk Alhamis, ranar kasuwar Maigatari. Ita take kwashe gari gaba ɗaya: maza a sama kan buhuna, mata a tsakiya, awaki a ɗaure a baya. Ba ta tashi sai ta cika, ba ta cika sai rana ta take. Tafiyarta kuwa, mutum yana iya sauka ya tsinko gyaɗa a gonar bakin hanya ya dawo ya hau.

Daga baya ƙananan motoci suka fara ɓullowa, waɗanda ake kira 'yan Kwatano, ana shigo da su ta Nijar. Da farko wucewa kawai suke yi a jere, ba lamba, za a kai su Kano a sayar. Sannu a hankali suka fara tsayawa a wajenmu. Wanda ya sayar da bijimai biyu ya haɗa da riɗin shekara yana iya mallakar ɗaya. Ba ta shan mai da yawa, ba ta daɗewa ba ta cika ba, tana yin sawu uku kafin babbar mota ta yi ɗaya. Damina biyu ko uku aka yi, babbar motar ta rasa fasinja, mai ita ya sayar wa masu jigilar itace. Dillalan Gumel da a da suke neman wa mutane manyan motoci duk suka koma kan ƙanana.

Baffana, ƙanin mahaifina, yana cikin waɗanda suka sayar da shanu. Ranar da ya kawo tasa, wata ja, kakarmu ta fito da sandarta ta zagaya ta sau biyu.

Ta ce, "Wannan ai kwanon sha ne aka yi wa ƙafafu."

Ya ce, "Iya, shiga ki ji. Kamar kina kan gadonki."

Ta ce, "Gadona ba ya gudu."

Har ta rasu ba ta shige ta ba.

An ƙera motar don mutum biyar. A wajenmu biyu suke zama a kujerar gaba, wani ya raba kujera da direba, mata biyar su matsu a baya. A but, wurin kaya na baya, ake jera buhuna, a janyo murfin ya kwanta a kansu, a ɗaure shi da igiya tunda ba zai rufu ba. Ɗan bakin da ya rage shi ne wurin yara, mu zauna muna kallon baya, ƙafafunmu suna lilo. Yaro ba a lissafa shi cikin fasinja. Gaskiya kuma muna son wurin, har faɗa muke yi a kansa.

Akwai abu ɗaya da ya kamata ka sani game da ƙaramar mota a yashi. Cikinta yana kusa da ƙasa. Idan ta rage gudu sai ta kafe, in ta kafe kuwa duk na bayanta sun kafe, kasuwa ta wuce su. A hanyarmu akwai wani burtali, hanyar shanu ce tsakanin gonaki, tafiyar rabin sa'a ga mai ƙafa. Yashinsa yana da zurfi, faɗinsa na mota ɗaya ne, dama da hagu shingen aguwa ne mai kauri. Sai direbobi suka yi wa kansu doka: a shiga da gudu, hannu a kan ham, kada a taka birki sai an fita kan fako, gindin wata kuka, inda ƙasa take da tauri. A nan ake tsayawa a duba kaya. Kowa ya san dokar. Makiyaya ma sun daina bin burtalin ranar Alhamis.

Ina da shekara tara, ƙanina bai cika huɗu ba, ƙanwar mahaifiyarmu ta haihu a Maigatari, suna ya faɗo ranar kasuwa. An gama girbi, but ɗin motar Baffa cike yake da riɗi. An ɗinka wa ƙanina sabuwar riga, kuma kamar yadda ake yi wa kowane yaro, an ɗinka ta da girma don ya shekara biyu yana sawa. Wuyanta har kafaɗa yake zamowa.

Kaka tana zaune a ƙofar zaure ta ce, "Ku bar mini angona a gida, ni zan yi masa sunan a nan."

Inna ta yi dariya ta ce 'yan'uwa suna son ganin sa. Ta ɗora shi kusa da ni a bakin but, ta ce, "Ki riƙe shi da kyau." Ta shige baya cikin mata. Na cusa hannu ɗaya a igiyar murfi, ɗaya na damƙi bayan rigarsa. A ganina na riƙe shi da kyau.

Mu ne muka fara shiga burtali a jerin wannan safiya. Na ji Baffa ya ƙara wuta, motar ta fara rawa, bayanta yana kaɗawa dama da hagu. Ƙanina yana dariya. Sai muka hau wani tudun yashi, motar ta yi sama ta dawo. Hannuna ya yi sauƙi. Na duba, riga ce kawai a hannuna, da ɗuminsa a jikinta. Shi kuma yana can a tsakiyar hanya, tsirara daga ciki zuwa sama, yana ƙanƙancewa.

Na yi ihu. Tsakanina da Inna buhu huɗu ne da ƙarar inji da ham ɗin da Baffa bai saki ba. Na doki buhu, na doki murfi. Ba wanda ya ji. Ko da sun ji ma, ban san ko zai tsaya ba. Wannan tambayar ban taɓa yi masa ita ba.

Ban tuna na yanke shawarar dirowa ba. Na dai tuna yashi a bakina, da yadda numfashina ya ɗauke na ɗan lokaci. Na tashi na ruga baya. Gudu a wannan yashi kamar gudu a mafarki ne, kana ɗaga ƙafa ba ka gaba. Tun kafin in isa gare shi na jiyo ham ɗin mota ta biyu.

Yana zaune, bai fara kuka ba tukuna, hannunsa na hagu ya lanƙwashe a inda hannu ba ya lanƙwashewa. Na san direban da ke zuwa ba zai gan mu da wuri ba, don ƙurar motarmu ba ta kwanta ba, kuma burtalin yana da kwana. Na kama shi ta ƙarƙashin hammata na ja. A lokacin ya fasa ƙara. Babu gefen hanya, shinge ne kawai. Na juya baya na faɗa cikin aguwa da shi a ƙirjina, rassan suna karyewa, farin ruwanta yana zubo mana a wuya da fuska. Motar ta wuce. Tayarta ta watso mini yashi a ƙafafu, don ƙafafuna ba su gama shiga ba. Na ga yara uku a bayanta suna lilo da ƙafa, ɗaya ta ɗaga mini hannu.

Biyu suka ƙara wucewa. Ruwan aguwa ya shiga idona na dama yana ci kamar barkono, amma ban saki ƙanina na goge ba. Na ƙidaya ham, na jira, na sake jira.

A gindin kuka Baffa ya zagayo duba kaya ya tarar ba mu. Mota ba ta juyawa a burtali, don haka da ƙafa suka dawo. Inna ce a gaba, ba mayafi, ba takalmi, ta riga maza. Ban taɓa ganin ta da kai a buɗe a waje ba sai ranar. Ta karɓe shi, sannan ta ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya daga rigar, ashe har lokacin tana hannuna.

Mai ɗori ya gyara hannun, idona ya yi kwana uku a kumbure ya sace. Da la'asar ɗin ranar kaka ta sa aka kira Baffa, ya durƙusa a gabanta. Ba ta ɗaga murya ba.

Ta ce, "Jikokina ba buhu ba ne. Daga yau in babu kujera, babu tafiya."

Ya ce, "To, Iya." Ya kuma cika alkawari a kanmu. Alhamis ta gaba ya ɗauki 'ya'yan maƙwabta a but, iyayensu ne ma suka ɗora su.

Yanzu an yi kwalta ta kusa da ƙauyenmu, burtalin ya koma wa shanu. Ƙananan motoci kuwa sai ƙaruwa. Tun da mai ya yi tsada, ma'aikatan Gumel da suka saba da manyan motoci suna ta sayarwa suna komawa ƙanana, ni ma irinsu nake tuƙawa. Ƙanina bai tuna komai ba, sai dai hannun yana yi masa tsami in an yi sanyi. Amma ka bi hanyar Gumel zuwa Maigatari ranar Alhamis, ko ta Gagarawa lokacin riɗi, za ka ga murfin but a ɗaure da igiya, ƙananan ƙafafu suna lilo, kuma a kwalta gudun ya ninka na da.

Idan na tarar da irin wannan motar a gabana, ba na wuce ta. Ina ja baya in bar tazarar da zan iya tsayawa, in zauna a nan, don kada wani mai sauri ya shiga tsakanina da ita. Na baya su yi ta ham, wasu su leƙo su ce mace ce, ba ta iya tuƙi ba. 'Ya'yana su ce, "Umma, za mu makara." Sai in ce mu makara. Ƙafata tana kan birki har sai motar ta tsaya an sauke yaran.