Fentin Ƙofar Baffa Sabo

Ku da kuka san Baffa Sabo, telan nan na Wunti, kun san ba ya gaisawa da mutum sai ya fara gaisawa da rigarsa. Kana miƙa masa hannu, shi kuwa sai ya kama hannun rigarka, ya murza yadin da yatsu biyu, ya ɗaga shi wajen haske. In fari ne ya ce, "Madalla, ka kwana lafiya." In ja ne ya sake shi da sauri, ya tambaye ka ko wani abu na damunka a gida. Maganarsa kullum guda ce: "Allah bai yi launi don ado kawai ba." Fari na tsarki ne da tafiyar ƙarshe. Baƙi na malamai ne. Ja na mata ne, namiji ya bar musu kayansu. Kore shi ne babba, tufafin 'yan Aljanna. Shuɗi ne bai yi sa'a a wurinsa ba, don a karatunsa masu laifi shuɗi-shuɗi za a tashe su ranar ƙiyama. Wani abin a wajen malamansa ya ji, wani kuma ina kyautata zaton shi ya yanka ya ɗinka abinsa.

Ni ne Nasiru, ɗan ƙanensa, wanda yake kira Ɗan Ofis. Kuma ni ne na sa aka shafa wa ƙofar gidansa shuɗin fenti bayan idonsa ya mutu, na ce masa kore ne, ya yi shekara biyu yana zama a gindinta yana sa mini albarka. Da yawanku kun sani, don da ku aka rufe maganar. Amma bari in fara da na dariya, in na fara da ƙofar ba lallai in kai ƙarshe ba.

Kun tuna rikicin buta? Matarsa, Inna Asabe, ta dawo daga kasuwa da sabuwar buta koriya shar, ta cika ta da ruwa ta nufi bayan gida. Baffa yana karin kumallo ya hango ta. Ya ajiye kofin koko, ya bi ta ba takalmi.

"Asabe, ina za ki da wannan?"

"Inda ake zuwa da buta, Malam."

"Launin da ake fatan sakawa a Aljanna, shi za ki shiga da shi can?"

Inna ba ta da saurin fushi, amma ba a kayar da ita a magana. Ta ce, "To ciyawar bakin kwata fa? Ita ma koriya ce, ga akuyar Ladi maƙwabciyarmu kullum tana fitsari a kanta."

"Akuyar Ladi ba ta yi karatu ba."

Ya karɓe butar ya ɗora ta a saman kabad. Shekara da shekaru tana nan, ba a alwala da ita, ba a komai, sai dai a sauke a goge mata ƙura ranar jajiberin Sallah. Ba a yi wata guda ba ya rataye mini silifas ɗina kore a jikin ƙusa, na koma gida da wani tsohon takalminsa da ya fi ƙarfin ƙafata.

A shago kuwa abin ya fi haka. Wani ma'aikacin gwamnati, sabon ango, ya kawo masa jar shadda mai tsada a ɗinka masa kaftani. Baffa bai yi gardama ba. Ya gwada shi tsaf, kafaɗa, hannu, tsawo, har yana tambayarsa lafiyar amarya, doguwa ce ko gajera, mai jiki ce ko siririya. Ango ya ɗauka hira ce, ya yi ta bayani yana murmushi. Ranar karɓar ɗinki ya buɗe leda ya ga riga da zani da ɗankwali.

"Baba, wannan fa? Kaftani na ce."

"Na ji ka. Taimakonka na yi."

"Amma shaddata ce!"

"Har yanzu taka ce, a gidanka za ta kwana."

Mutumin ya fita yana rantsuwa ba zai sake tako shagon ba. Bayan sati biyu sai ga shi da farin yadi, yana sunkuyar da kai, wai amarya ta ce a gaida tela.

Mutum ɗaya na sani da ya taɓa ɗaure shi a maganar launi, shi ne Oga Bernard mai sayar da fenti, shagonsa na kallon na Baffa. Inyamuri ne, ɗan Katolika, ya fi shekara talatin a Bauchi. Kullum da la'asar sai ya jawo benci su zauna, su yi ta musu kamar za su daku, su tashi sun raba goro. Bernard ya gaya masa lokacin azuminsu limamin coci shunayya yake sakawa, alamar tuba. Baffa ya gyaɗa kai ya ce ba laifi, launin da ya yi duhu haka dole ya san ya yi zunubi. Bernard ya ce ranar babban bikinsu fari ne. Baffa ya ce to a nan kun yi daidai. Sai Bernard ya kawo ta shuɗi.

"Baba Sabo, kai kullum kana zagin bulu. A coci namu bulu na Maryam ne, mama na Yesu. Mayafi nasa bulu ne."

Baffa ba ya haɗa Nana Maryamu da kowa a cikin mata. Sai ya ce, "Wa ya gani?"

"Yana cikin hoto."

"To mai hoton ne korensa ya ƙare."

Bernard ya yi dariya har da hawaye. Wani mai jin hirar ya sa baki, ya ce to manyan malamai masu naɗa rawanin da aka rina da shuni fa? Baffa ko kallonsa bai yi ba ya ce wannan ba shuɗi ba ne, baƙi ne da bai gama nuna ba.

Sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Da farko zare ne ba ya shiga allura, daga baya ya koma ba ya bambanta komai sai haske da duhu. Aikin ido kuwa ya ce ba mai sa masa wuƙa. Ya rufe shago ya koma zaman ƙofar gida. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana yanke wa launuka hukunci ya dawo yana kama hannun riga yana tambaya, "Wannan wane iri ne?" Abin yana ba mu dariya, yana kuma ba mu tausayi.

Wata Juma'a ya kira ni. Ya ce ƙofar zauren nan ta ƙarfe ta yi tsatsa, yana so a shafa mata kore. Na ce Baffa me ake ci da fenti yanzu? Ya ce, "Ɗan Ofis, ba don masu wucewa ba ne. Ta nan za a fitar da ni. Ina so makarata ta bi ta cikin kore, ko Allah zai dubi kwaɗayina."

Washegari na je wajen Bernard. Kore ya ƙare, sai wani satin za a kawo daga Jos. Ni kuma na riga na ajiye mai fenti a ƙofar gida, ga ɗaurin auren abokin aikina ƙarfe sha ɗaya, ga ba na son in sake tasowa daga gidana a Gwallameji wata Asabar ɗin don ƙofa. Na nuna gwangwanin da ke kusa na ce ya ba ni.

"Na wane ne?"

"Na Baffa."

"Bulu? Baba Sabo?" Ya riƙe gwangwanin bai sake ba. "Nasiru, jira sati ɗaya."

Na ce, "Ai ba ya gani."

Wannan maganar ita ce ta fi damuna har yau. Da bakina na faɗe ta, ko nauyinta ban ji ba, na ɗauki fenti na hau keke.

Da yamma na dawo daga biki na tarar da shi tsaye yana shinshina ƙofa. Ya ce, "Kore ne?" Na ce kore ne. "Mai duhu ko mai haske?" Na ce irin na ganyen mangwaro. Ya ɗaga hannu ya yi mini addu'ar da ban taɓa jin ya yi wa kowa ba, har 'ya'yan da ban haifa ba sai da ya sa a ciki. Inna tana tsaye a bayansa, ta dube ni ta dubi ƙofar. Da na shiga ciki ta ce, "Kai ka shafa, kai za ka gaya masa. Ba da bakina ba." Unguwa ma haka ta yi. Kowa ya gani, kowa ya yi shiru, har yara aka ja wa kunne.

Saura kaɗan asiri ya tonu ranar da wani manomi daga Inkil ya kawo saƙon dawa. Ina zaune a tabarmar. Ya yi sallama ya ce, "Na sha wuya kafin in gane gidan, sai da aka ce mini mai shuɗiyar ƙofa."

"Mai wace irin ƙofa?"

"Shuɗiya, Baba. Ga ta nan."

Baffa ya lalubo hannun mutumin ya riƙe, murya a sanyaye ya ce, "Ɗana, ka je a duba idonka tun da wuri. Ni ma da haka nawa ya fara." Ya juyo wajena. "Ko ba haka ba, Ɗan Ofis?"

Na ce haka ne. Bawan Allah ya tafi yana murza ido yana waiwayen ƙofa. Mun yi dariyar wannan a unguwa har muka gaji, ni ma na yi, amma ranar ban iya cin tuwon Inna ba.

Za ku ce me ya hana ni sake fentin. Hancinsa. Idon ne ya tafi, amma Baffa yana jin ƙaurin miya daga gida na uku. Da ya ji warin sabon fenti zai tambaya, in ya tambaya dole in ce ƙarya na yi masa, kuma ƙaryar a kan abin da ya fi so. Sai na ce bayan damina. Damina ta wuce na ce bayan Sallah. Bernard kuwa duk ranar da na bi ta gaban shagonsa sai ya ɗaga mini gwangwanin kore, ni kuma in kau da kai kamar ana kirana a waya.

Da ciwo ya kwantar da shi na je duba shi wata Laraba bayan an tashi aiki, da niyyar yau sai na faɗa. Na zauna a bakin gado. Ya kama hannun rigata ya murza, bai tambayi launinta ba. Ya ce, "Duk 'ya'yan ɗan'uwana, kai kaɗai na sa aiki ka yi mini yadda na ce ba gardama. Hankalina a kwance yake da ƙofar nan." Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Allah ya ƙara sauƙi, Baffa."

Washegari bayan sallar asuba aka kira ni. An sa jana'iza ƙarfe goma.

Ban wuce gidan ba, shagon Bernard na nufa. Bai buɗe ba, na kira shi, ya zo da rigar barci a ƙarƙashin kwat. Bai tambaye ni komai ba. Ya miƙo gwangwani da burushi biyu, ya kulle shago ya biyo ni. Ana yi wa Baffa wanka a ciki, mutane sun cika tabarmi a waje, ni da Bernard muna shafa fenti kamar mahaukata. Ba wanda ya hana mu, don kowa ya san dalili. Shuɗin kuwa ya ƙi ɓoyuwa, sai an bi sau biyu. Mun gama ƙyaure ɗaya da dogarinsa, mun fara na biyu ke nan, Liman ya dafa kafaɗata.

"Nasiru, ajiye burushin nan. Ba a tsayar da mamaci don fenti."

Haka aka fito da shi, dama kore, hagu shuɗi. Ƙofar ba ta da faɗi, fentin kuma ɗanye, duk wanda ya kama makara ta dama sai da ya goga. A maƙabarta na ɗaga kai na ga dattawa huɗu da koren tabo a kafaɗar fararen rigunansu, har da Liman. Wani a bayana ya ce ƙasa-ƙasa, "Sai da Sabo ya rina mu kafin ya tafi." Mutane suka riƙa danne dariya a cikin hannun riga. Ni a nan ne kuka ya ƙwace mini.

Na ƙarasa ɗaya ƙyauren bayan addu'ar uku. Ƙofar tana nan koriya, irin ta ganyen mangwaro, duk mai wucewa yana gani. Ba launin ne yake ci mini rai ba, na san Allah ba ya duba fenti. Abin da yake ci mini rai shi ne mutum ya ba ni aron amanar idonsa, ya tambaye ni gaskiya, na cuce shi don kada in makara biki. Kuma na sami shekara biyu cur da zan ce masa ya yafe mini, ban ce ba.

Allah ya jiƙan Baffa Sabo, ya yafe masa, ya yafe mini abin da ban ba shi damar yafewa ba. Allah ya buɗe masa idonsa a can, ya tufatar da shi koren da ya yi ta kwaɗayi, ya gan shi da kansa ba sai ya tambayi kowa ba. Amin.